Bayan An Ɗaure Notin Ƙarshe

Canza faifan ajiya na kwamfuta ba ya cin lokaci. A yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun mutanenmu, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad na hannu, noti kaɗan za a kwance, a zare tsohon, a zura sabon, a mayar da murfi. Yaron shago da ya ɗan kwana biyu yana koyo zai iya. Amma da an danna maɓallin kunnawa sai fuskar ta tsaya baƙa ƙirin, da layi ɗaya ko biyu na Turanci yana cewa ba a sami abin da za a tashi da shi ba. A nan mai kwamfutar da bai saba ba yake tsorata, ya ce an ƙarasa masa ita. Alhali babu abin da aka ɓata. Haka sabon faifai yake fitowa daga kamfani, wayam, ko harafi ɗaya babu a ciki. Windows ɗin da ya saba gani, da hotunansa da takardunsa, duk suna can cikin tsohon da aka ajiye a gefen tebur.

A kasuwa, daga shagunan titin Beirut a Kano har zuwa Computer Village da ke Ikeja, aikin da ya rage ba shi da wani farashin kirki. "A zuba mata Windows" ake cewa, kuma sau da yawa kyauta ake yi maka in a shagon ka sayi faifan. Mutane na ganin danna maɓalli ne sau biyar ko shida, sai jira. Da gaskiyarsu ta wani gefen, don ainihin zubawar ba ta cika wuce minti 20 a kan faifai mai sauri ba. Sai dai kwamfuta biyu iri ɗaya za su fita daga shago biyu a rana guda, ɗaya ta yi shekaru tana aiki lafiya lau, ɗayar ta dawo bayan mako babu sauti, ko ta ƙi tashi, ko mai ita ya gano aikinsa na shekara uku ya tafi ke nan. Bambancin yana cikin abin da aka yi kafin zubawar da abin da aka yi bayanta, kuma mai kwamfuta ba ya ganin ko rabinsa.

Gwani da tsohon faifan yake farawa, domin shi ne ke ɗauke da abin da ba a sayowa a kasuwa. Faifan gargajiya inji ne mai motsi. A cikin ɗan akwatin ƙarfen nan akwai fayafayai masu sheƙi da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wani siririn hannu mai ɗan kai a bakinsa, yana shawagi a samansu yana rubutu da karatu da ƙarfin maganaɗisu. Tazarar da ke tsakanin kan da faifan ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Tsarin ya tsufa. Tun 1956 kamfanin IBM ya fito da na farko, mai fayafayai 50 masu faɗin inci 24 kowanne, duk don ajiye haruffa kimanin miliyan 5, abin da hoto ɗaya na wayar yau zai iya cinyewa. An ƙanƙantar da shi, an ƙara masa ciki, amma raunin yana nan. Kwamfuta ta faɗo daga kan gado tana kunne, ko a jefa ta cikin jaka ba a kashe ba a hau adaidaita sahu a bi hanya mai ramuka, sai kan nan ya taɓa faifan ya karce shi. Daga nan sai nauyi, sai tsayawa cak, sai wani sauti ƙas, ƙas, ƙas daga ciki. Mai gyaran da ya san aikinsa yakan kara kunne a jikin kwamfutar kafin ya ɗauki sukundireba. In ya ji wannan sautin nan take zai kashe ta, saboda kowane juyi ƙarin ɓarna ne.

Ka tsaya a irin wannan shago lokacin da ɗaliban jami'a ke haɗa kundin kammala karatu, ka ji yadda magana ke tafiya.

"Oga, kawai ka canza ka yi mata fomatin, gobe zan kai wa malamina babi na huɗu."

"To ƙanwata, shi babi na huɗun yana ina?"

"Yana ciki mana."

"Akwai shi a wani wurin? Filash, imel, waya?"

"Na tura wa ƙawata na ɗaya da na biyu ta WhatsApp."

"To ja kujera ki zauna. Ba a zo maganar fomatin ba tukuna."

Tambayoyin nan su ne rabin aikin. Mutum zai rantse maka babu komai a ciki, sai an bi da shi a hankali ya tuna hotunan bikin 'yarsa, da takardun fili da ya ɗauka da sikana, da lissafin shago na shekara biyar, da kalmomin sirri da burauza ta riƙe masa har ya manta su. Gwani zai haɗa tsohon faifan da kwamfutar shago ta wata 'yar igiya, ya fara kwashe abin da ya fi tsada a wurin mai shi, komai ƙanƙantarsa. Kundin ɗalibar nan bai fi 'yan megabait ba, shi zai fara fita, finafinan Indiya da na Kannywood su jira. Dalili kuwa, faifai mai ciwo ba a san saura minti nawa ya rage masa ba. In ya fara cijewa, akwai wata manhaja ta kyauta a Linux mai suna ddrescue wadda ke karanta wuraren da ke da lafiya tukuna, ta tsallake masu ciwo, ta rubuta inda ta tsallake, sannan ta dawo musu daga baya. Sabon shiga kuwa sai ya saki manhajar bincike ta bi faifan kaf daga farko zuwa ƙarshe wai tana gyara shi, faifan ya ƙarasa mutuwa a tsakiyar aikin. Garin neman gira an rasa ido.

Akwai kuma wata matsala da ta yawaita a 'yan shekarun nan. Sabbin kwamfutoci da dama suna kulle abin da ke cikin faifansu da tsarin BitLocker, wani lokaci mai ita bai ma sani ba. Muddin faifan na cikin kwamfutarsa komai na tafiya daidai. Da an zare shi an kai wata, sai ya nemi mabuɗi mai lamba 48. Galibi mabuɗin na ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar, in har ya tuna imel ɗin da kalmar sirrinsa, in kuma ba wani ne ya buɗe masa asusun a shago da lambar wayar da ta ɓace tuni ba. Babu dabarar bayan gida a nan. Shi ya sa gwani, in kwamfutar na iya tashi ko da da ƙyar ne, yake duba wannan ya rubuta mabuɗin a takarda tun kafin ya taɓa noti.

In tsohon faifan lafiyarsa ƙalau, sauri kawai ake nema, ana iya kwafe shi sukutum a kan sabon da manhajoji irin su Clonezilla, komai ya dawo yadda yake har hoton da ke fuska. Hanya ce mai sauƙi, amma tana kwaso har da tarkacen shekaru da duk wata ƙwayar cuta da ke kwance a ciki. Ni dai na fi ganin ƙimar zubawa sabuwa fil, sai fa in akwai wata manhajar ofis mai lasisi da ba a san yadda za a sake samunta ba.

Sabon faifan ma ba a karɓarsa ido rufe. Yanzu kusan kowa SSD yake sakawa, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, shi ya sa girgiza ba ta damunsa, kuma tsohuwar kwamfuta da ke ɗaukar minti biyu kafin ta farka sai ta koma tashi cikin daƙiƙa 20 ko ƙasa. Amma iri-iri ne. Akwai mai siffar tsohon faifai, inci 2.5, akwai siriri mai suna M.2, wanda mafi yawansa faɗinsa milimita 22 tsawonsa 80. Shi siririn ma kashi biyu ne, SATA da NVMe, kuma akwai kwamfutocin da raminsu ɗaya kawai yake karɓa. Zai iya shiga daram, a ɗaure, kwamfuta ta ce ba ta gan shi ba. Sannan akwai jabu, akwai tsohon da aka wanke aka sa a sabon kwali. Kowane faifai yana riƙe da tarihinsa a wani tsari da ake kira SMART: awa nawa ya yi a kunne, sau nawa aka kunna shi, wurare nawa suka lalace. 'Yar manhajar CrystalDiskInfo za ta karanto wannan cikin ƙiftawar ido. Faifan da aka ce sabo ne dal amma ya nuna dubban awanni, ba sai an yi dogon musu da dillali ba.

Rigima ɗaya dai ba ta ƙarewa. Alhaji ya biya kuɗin gigabait 500, ya koma gida ya ga 465, ya dawo da zafinsa. Babu wanda ya ci masa ko ɗaya. Masu ƙera faifai da dubu suke ƙirga, Windows kuwa da 1,024, shi ya sa 256 ke zama 238, terabait ɗaya ya zama 931. Mai shagon da ya ga jiya ya ga yau tun kafin a biya yake faɗa.

Yanzu sai filash. A aljihun kowane gwani, ko a maƙale da makullansa, akwai wani filash da ba ya bayar da aronsa ko ga ɗan uwansa, saboda sau ɗaya ya shiga kwamfutar wani shagon buga takardu zai iya dawowa da cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu. A cikinsa Windows ɗin yake, kuma tambayar farko ita ce daga ina aka samo shi. Microsoft na bayar da shi kyauta a shafinsa, filash mai gigabait 8 ya isa. Abin da yake ci data ce da haƙuri. Waɗanda ba su da haƙurin sukan ɗauko wanda wani da ba a sani ba ya yi wa kwaskwarima, wai ya fi sauƙi, wai ba ya neman lasisi. Ban ga hikimar mutum ya sayi sabon faifai don ya huta ba, sannan a zuba masa babbar manhajar da wani ɓoyayye ya buɗe ya sa abin da ya ga dama, a kai kuma zai riƙa shiga asusun bankinsa.

Kwafa fayil ɗin a kan filash kamar waƙa ba ya sa kwamfuta ta tashi da shi, sai an shirya shi. Yawancin masu gyara da Rufus suke yi, 'yar ƙaramar manhaja da Pete Batard ya fitar a 2011, wasu kuma sun koma Ventoy da ta fito a 2020, wadda ke ba mutum damar tara Windows kala-kala da Linux a filash guda ya zaɓa. Wahalhalun da waɗannan manhajoji ke ɗauke wa mutum suna da yawa. Misali ɗaya: tsarin FAT32, wanda kusan kowace kwamfuta ke iya tashi da shi, ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, babban fayil ɗin Windows na yanzu kuwa ya wuce. Rufus kan warware wannan ba tare da mutum ya sani ba. Amma akwai tambaya ɗaya da takan yi wadda dole mai gyara ya amsa da kansa, MBR ko GPT, kuma a nan ake gane wanda ya fahimci aikin da wanda ya haddace shi.

Kwamfuta ba ta da faifai ma tana da ɗan wayo. A kan babban allonta, wanda masu gyara ke cewa bod, akwai wata ƙaramar manhaja da ke farkawa kafin komai, ta duba ram da kibod da fuska, sannan ta nemi wanda za ta miƙa wa ragama. Tsohuwarta ita ce BIOS, wadda ta zo da kwamfutar IBM ta 1981 ta yi zamani mai tsawo. Ita abin da ta sani shi ne ta je farkon faifai, ta karanta bait 512 na farko, ta bi umarnin da ta tarar. A cikin wannan ɗan wurin ne kuma aka rubuta yadda aka raba faifan. Sabon faifai kamar fili ne da ba a yanka ba, sai an fitar da fuloti an rubuta iyakar kowanne kafin a ɗora gini. Tsarin rabon BIOS shi ne MBR, na tun 1983: manyan sassa huɗu kawai, ba ya ganin abin da ya wuce terabait 2, kuma kwafinsa ɗaya ne, in ya lalace an shiga uku. Magajiyar BIOS ita ce UEFI, wadda ta samo asali daga kamfanin Intel, ta zama ruwan dare tun fitowar Windows 8 a 2012. Ita da GPT take aiki, mai ɗaukar sassa har 128 a Windows, mai ajiye kwafin taswirarsa na biyu a ƙarshen faifai. Ba ta zuwa bait 512 na farko neman umarni, wani ɗan sashe na musamman take nema mai kimanin megabait 100, ta ɗauko fayil ɗin tashi a ciki.

Abin da ke rikita mutane shi ne kwamfutocin da suka fi yawa a kasuwanninmu sun iya duka biyun. Ta wace ƙofa filash ya shiga, ita ke yanke irin rabon da Windows zai nema. Aka tashe shi ta tsohuwar hanya alhali faifan GPT ne, ko aka yi akasin haka, sai zubawa ta tsaya da saƙon cewa ba za a iya sa Windows a wannan faifan ba. Wanda ya haddace aiki sai ya fara canza filash, ya zargi faifan, ya ce bod ne ya taɓu. Gwani ya riga ya shiga saitin tun farko. Yatsansa ya san maɓallin kowace: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, in kuma jerin abin tashi yake so, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. Za ka ga yana bubbuga shi da sauri tun kafin tambarin kamfani ya bayyana, don damar ba ta wuce daƙiƙa biyu. A ciki zai tabbatar kwamfutar ta ga sabon faifan da sunansa da girmansa, ya sa ta a UEFI in tana iyawa, ya kalli kwanan wata. In ya ga ta koma wata shekara da ta shuɗe, ya san ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan bod ya mutu, kuma in ba a canza shi ba shafukan intanet za su riƙa ƙin buɗewa, mai kwamfuta ya ce Windows ɗin da aka zuba ne ba shi da kyau.

Daga nan sai fuska mafi haɗari a duk aikin, wadda ke jera fayafayai da sassansu tana tambaya ina za a zuba. Ba ta kiran su da sunayen da mai kwamfuta ya sani, lambobi ne kawai da girma. Maɓallin gogewa na nan kusa, kuma ba shi da "a dawo da shi". Na fi jinjina wa mai gyaran da ba ya yarda da idonsa a nan. In kwamfutar na da faifai na biyu, ko akwai wani a maƙale ta waje, sai ya zare su duka ya bar sabon shi kaɗai. Hikimar biyu ce. Ta farko a fili take, abin da ba ya ciki ba za a goge shi ba. Ta biyu sai wanda ya daɗe a sana'ar: in akwai wani faifan da ke da sashen tashi, Windows na iya ajiye fayilolin tashinsa a can, ya zuba sauran jikinsa a sabon. Komai zai yi aiki, babu wanda zai lura, har ranar da aka cire tsohon faifan ko ya mutu, sai sabon ya ƙi tashi alhali lafiyarsa lau. Idan kuma faifan na hannu ne mai tsohon rabo, zai danna Shift da F10, baƙar taga ta buɗe, ya rubuta diskpart, ya jera fayafayan, ya zaɓi lamba, ya tsaya ya sake karanta lambar, sannan ya rubuta clean. Kalmar harafi biyar ce, ba ta tambayar ko ka tabbata.

Wani lokaci jerin ma fayau yake fitowa, babu faifai ko ɗaya, ga shi kuwa saitin ya gan shi. Wannan ya zama sananne a kwamfutoci masu injin Intel ƙarni na 11 zuwa sama, inda faifan ke bayan wani tsari mai suna VMD da filash ɗin zubawa bai zo da direbansa ba, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ya gane shi. An sha mayar da faifai mai lafiya wurin dillali a kan wannan. Maganin ɗan fayil ne da gwani ya riga ya ajiye a filash ɗinsa, ya nuna wa Windows, faifan ya bayyana.

Maganar lasisi ta fi sauƙi fiye da yadda ake tsoratar da mutane. A zamanin Windows 7 lambar lasisin na kan wata takarda da aka manna a ƙarƙashin kwamfuta ko a ramin batir, wadda zafi da gumi ke goge ta. Tun daga Windows 8 manyan kamfanoni cikin bod suke dasa lambar, zubawa ta karanto ta da kanta. Lasisin Windows 10 da 11 kuma da bod ɗin aka ɗaure shi, canza faifai ba ya taɓa shi. A zuba irin wanda kwamfutar ta saba da shi, Home in Home ne, Pro in Pro ne, a haɗa ta da intanet, sai ta kunna kanta. Sau da yawa kwamfutar na da lasisinta halal a jikinta, amma don rashin dubawa a zuba mata wani iri daban, sannan a kawo manhajar fasa kulle a ɗora, a kashe mata riga-kafin ƙwayar cuta don manhajar ta zauna. An yi asara biyu a kan abin da yake kyauta.

Wane Windows ɗin ma za a zuba? Yanzu tambayar ta yi nauyi. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, in ban da ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11, wanda ya fito a Oktoban 2021, yana neman ram gigabait 4, faifai gigabait 64, wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da injin Intel daga ƙarni na 8 ko makamancinsa. EliteBook 840 G3 da ThinkPad T460 da Latitude E7470, waɗanda suka cika ofisoshi da jakunkunan ɗalibai, ƙarni na 6 ne. Rufus na iya tsallake shingen, kuma kwamfutar za ta yi aiki, amma Microsoft bai yi alkawarin ci gaba da aiko mata gyare-gyare ba. Zama ba gyara kuwa ba wasa ba ne. Cutar WannaCry da ta bazu ƙasashe sama da 150 a watan Mayun 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta shiga ne ta wata ƙofa da aka riga aka fitar da maganinta tun watan Maris. Mai gyara na kirki zai shimfiɗa wa mutum wannan a fili ya bar shi ya zaɓa. Wanda aikinsa rubutu ne da intanet, zai iya ce masa ga Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne, ya gwada daga kan filash ba tare da an zuba ba. Wanda kuma abincinsa na kan CorelDraw, ba za a ɓata masa lokaci da wannan shawarar ba.

Yayin da lambobi ke hawa a fuska, ido na kan wuta. Kwamfutar da batirinta ya mutu ba a fara mata wannan aikin sai an san inbata ko janareta na tsaye. Yankewar wuta a tsakiyar zubawa da sauƙi, a sake daga farko. Amma in ana sabunta manhajar bod ne aka ɗauke, kwamfutar na iya zama ba ta ko motsi, shi ya sa masu hankali ba sa taɓa wannan sai da dalili da cikakken caji.

Fitowar sabuwar fuska mai shuɗi ita ce inda mai gaggawa ke rufe murfi ya karɓi kuɗi. Gwani sai ya buɗe jerin kayan cikin kwamfutar ya nemi masu alamar rawaya, wato waɗanda ba su sami direbansu ba. Wanda ya fi ban haushi shi ne na Wi-Fi: kana bukatar intanet ka sauko da shi, ba ka da intanet sai da shi, kuma Windows 11 yakan nemi intanet tun bai gama shiryawa ba. Sai ya zaro wayarsa ta Android, ya haɗa da igiyar caji, ya raba wa kwamfutar data ta igiya. Sauran direbobin daga shafin kamfanin da ya ƙera ta yake ɗaukowa, da lambar da ke jikinta. Sannan ya bi ta gaba ɗaya: ya sa karatu ko waƙa ya ji lasifika biyun, ya buɗe kyamara, ya rage haske ya ƙara, ya zura filash a kowane rami, ya rufe murfi ya buɗe ya ga ko za ta farka, ya cire caja ya ga abin da batir zai ce. Ya saita agogo a lokacin da Najeriya da Nijar ke kai, awa ɗaya gaba da na Ghana.

Kibod ma akwai nasa. Kwamfutocin da suka fito daga Faransa, waɗanda ake samu a Maraɗi da Damagaram kuma sukan tsallako Najeriya, jerin haruffansu daban ne, A na zaune inda Q yake a na Ingilishi. Na Jamus kuma Y da Z ne suka yi musaya. In saitin bai dace da abin da ke rubuce a kan maɓallan ba, mutum zai kafa kalmar sirri yau, gobe ta ƙi buɗe masa. Kuma ga mai rubutu da Hausa, Windows na da tsarin kibod na Hausa a cikinsa, mai fitar da ɓ da ɗ da ƙ, ƙara shi bai fi minti biyu ba. Kaɗan ne cikin masu gyara ke tambayar mutum ko yana bukata, amma malamin makaranta ko marubucin da aka yi wa wannan ba ya sake kai kwamfutarsa wani shagon.

Sai a mayar da fayilolin da aka ceto, a kira mai su ya buɗe da hannunsa. Ɗalibar nan sai ta ga babi na huɗu ya buɗe har shafin ƙarshe kafin a ce an gama, don fayil na iya kwafuwa da sunansa da girmansa amma cikinsa a lalace. Kwafin da ke kwamfutar shago kuma a gabanta ake goge shi.

Tsohon faifan na mai shi ne, ko da ya ce a bar shi. Abin da aka goge daga faifan gargajiya yana nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansa, fomatin na gaggawa ma taswira kawai yake sharewa, kuma manhajojin tono su suna ko'ina. Faifan da aka jefa kwandon shago yakan ƙare a hannun 'yan gwangwan ko a cikin kwamfutar wani, da hotunan iyali da takardun banki a ciki. In da sauran lafiyarsa, akwai ɗan gida mai araha da ake saka shi ya zama ma'ajiyar waje, a riƙa zuba masa kwafi na biyu, ba na ɗaya tilo ba. In kuwa ya mutu, kuma an tabbatar babu sauran abin nema a ciki, gwani zai ba ka shawarar ka huda shi da ƙusa ko ka sa masa guduma har fayafayan su fashe kafin ka yar.